Naɗin Alƙali a Boɗinga da Shagari, daga Zamanin Sifawa zuwa Yau

A Boɗinga da Shagari, kamar sauran ƙananan hukumomin Jihar Sakkwato, ba a zaɓen alƙali da ƙuri'a. Mutanen waɗannan garuruwa suna hawa layi su zaɓi kansila da ciyaman da ɗan majalisa da gwamna da shugaban ƙasa, amma mutumin da zai raba musu gado, ya warware aure, ya tsayar da iyakar gona, naɗa shi ake yi a turo musu. Haka abin yake tun kafuwar Daular Usmaniyya. Abin da ya yi ta sauyawa cikin shekaru fiye da 200 shi ne hannun da ke naɗin, da kuma irin mutumin da wannan hannu yake ɗaukowa.

Wannan yanki yana da alaƙa ta kusa da tushen al'amarin. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga, tun daga wajen 1810 har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna kusa da shi a garin Boɗinga. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1812, Shehu ya raba ragamar mulki, yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu. Shagari kuma tana cikin ƙasar Yabo, ƙasar Muhammadu Moyijo, ɗaya daga cikin shugabannin Fulanin da suka mara wa Shehu baya tun farkon jihadi. Saboda haka lokacin da ake shimfiɗa dokokin sabuwar daula, a nan kusa ake shimfiɗa su.

Jihadi bai ƙirƙiri alƙalanci a ƙasar Hausa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki da shari'a, kuma fadojin Katsina da Gobir da Kabi duk suna da malamai masu hukunci. Kukan masu jihadi shi ne cewa shari'a ta zama ta mai hannu da shuni. A Kitabul Farƙi Shehu ya jero abubuwan da yake zargin sarakuna da su, ciki har da karɓar gaisuwa kafin a saurari mutum, da mayar da hukuncin laifi tara ta dukiya da ke shiga aljihun masu sarauta. A littafin ne kuma ya kawo ginshiƙan mulki guda biyar, ya sa na farkonsu kada a ba da mulki ga wanda ya neme shi. Ya kuma lissafa alƙali cikin mutum huɗu da sarki ba zai tsayu ba sai da su, tare da waziri da shugaban masu tsaro da mai tara haraji. Malam Abdullahi ya faɗaɗa batun a Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta a Kano wajen 1807 bisa roƙon jama'ar can.

Wannan ƙa'ida ta farko ita ce ta rufe ƙofar takara tun daga tushe. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi, kwaɗayin kujerar alƙali aibi ne ga mai nemanta. An haramta wa jahili da mai neman duniya su nemi muƙamin. An wajabta karɓarsa ne kawai ga malamin da babu wani da ya cancanta sai shi, ko wanda ya san haƙƙin mutane zai salwanta idan ya ƙi. Ɗaliban ilimi sun taso da jin hadisan da ke tsoratarwa game da alƙalanci, da labaran magabata irin su Imamu Abu Hanifa, wanda ya zaɓi ɗauri a kan ya karɓi muƙamin. Malamin da aka aiko wa da saƙon naɗi, abin da ake tsammani daga gare shi shi ne ya yi ta noƙewa har sai an matsa masa.

Sharuɗɗan da littattafan fiƙihu suka gindaya, musamman Muhtasar na Shehu Halilu, sanannu ne a kowane zauren karatu. Alƙali ya kasance namiji, Musulmi, ɗa, baligi, mai hankali, adili, mai kaifin basira, mai ji da gani da magana. Ya kasance ya kai matsayin ijtihadi, in ba a samu ba a ɗauki mafi sani cikin masu bin mazhaba. An kuma so ya zama mai tsantseni, mai haƙuri, mai shawara, sanannen asali, wanda ba a bin sa bashi, kuma mai wadata. Sharaɗin wadata ba don girmama dukiya ba ne. Alƙalin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar bazara, buhun geron mai ƙara zai yi masa nauyi a zuciya. Don haka ne ma aka hana shi karɓar kyauta sai daga makusancin ɗan'uwa, aka kuma hana shi yanke hukunci yana cikin fushi ko yunwa.

Naɗin kansa na shugaba ne. Sarkin Musulmi yana naɗa Alƙalin Alƙalai da alƙalan ƙasar da ke ƙarƙashinsa kai tsaye, sarakuna masu tuta kuma suna naɗa nasu a Kano da Katsina da Zazzau da sauransu, ƙara mai nauyi tana iya kaiwa Sakkwato ko Gwandu. Ba a yi wa malami jarrabawa. Shaidarsa ita ce malaman da ya zauna gabansu, littattafan da ya sauke, da abin da mutanen gari suka sani game da halinsa. Manyan laifuffuka kamar kisan kai, da rikicin ƙasa, da koke a kan masu sarauta, galibi majalisar sarki ce take ji, alƙali yana gefe yana ba da fatawa.

Zaman shari'a na wancan zamani ba shi da wani gini na musamman. A zaure ake yi ko a harabar masallaci. Alƙali yana zaune a kan buzu, gafakarsa a gefe da Risala da Muhtasar da Tuhfa ta Ibnu Asim, muhutinsa kusa da shi da tawada da alƙalami. Manomi ya shigo ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shanu sun shiga mini gona." Aikin farko na alƙali shi ne ya tantance wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake ƙara, domin a kan na farko shaida take, a kan na biyu rantsuwa. Shaidu ma sai an sami wanda ya tsarkake su, ya tabbatar mutanen kirki ne. Kafin hukunci kuma sai an yi izari, a tambayi wanda shari'a za ta faɗa a kansa ko yana da sauran hujja. Abincin alƙali yana fitowa daga abin da sarki ya yanka masa da kuma ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na gadon da ya raba ko bashin da ya karɓo.

Ƙa'ida daban, abin da ya faru daban. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, alƙalanci a wurare da yawa ya zama na gida. Ɗan alƙali ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa gafaka, ya zama muhuti, in kujera ta faɗi a ce ai shi ya fi sanin aikin. Akwai gaskiya a cikin wannan, domin littattafai da gogewa a gidajen suke. Amma ya kuma sa malamin ƙauye mai ilimi wanda ba shi da kowa a fada ya tsufa yana karantar da almajirai, ba a taɓa tunawa da shi ba. Shi Malam Abdullahi tun jihadi bai ƙare ba ya fara kuka da yadda son sarauta da dukiya ya shiga jama'a, abin da ya sa ya bar rundunar ya nufi gabas har ya tsaya a Kano.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Gwamna Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba, domin ba shi da ma'aikatan da za su maye gurbinsu. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar shari'ar Musulunci tana aiki, aka hana yanke hannu da jefewa, aka ce hukuncin kisa sai Gwamna ya tabbatar. Sauyin da ya fi shafar naɗi shi ne cewa kotu ba ta zama kotu sai da takardar izini daga Razdan. Sarkin Musulmi ne yake kawo suna, amma sai Bature ya amince, kuma Di'o yana da ikon buɗe littafin shari'a ya duba, ya rage hukunci ko ya sa a sake zama. Aka kasa kotuna aji huɗu, A da B da C da D, gwargwadon girman hukuncin da kowace za ta iya yankewa. Da aka kafa baitulmali, ushira da tara suka koma can, alƙali ya koma ɗan albashi.

A wannan zamani ne aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka tilasta wa hakimai su bar birni su zauna a ƙasashensu, aka kuma bi su da alƙalai. Mutumin Shagari, wanda garinsa ke ƙarƙashin Magaji, ƙararsa tana zuwa Yabo, hedikwatar Sarkin Kabin Yabo. Kotu ta matso kusa da talaka, amma alƙalin gunduma ya zama ma'aikacin En'e, yana zaune a inuwar hakimi. Wanda ya ƙi biyan haraji ko jangali, ko ya yi wa dagaci tsaurin ido, gaban alƙalin nan ake kai shi, kuma doka ba ta yarda lauya ya shiga kotun ba.

Turawa ne kuma suka shigo da takardar shaida cikin sharuɗɗan alƙalanci. A 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Daga nan sabon iri ya fara fitowa, malamai masu fiƙihu da ɗan boko. Shehu Abubakar Gumi misali ne na mahaɗar tsohon tsari da sabo: ɗan alƙali ne daga Gummi a Lardin Sakkwato, ya yi Midil ta Sakkwato da makarantar Kano, ya fara aiki a matsayin magatakardan alƙali a Sakkwato, ya zama Babban Kadin Jihar Arewa a 1962.

Shari'o'i biyu daga wannan lardi sun nuna inda tsarin yake tsagewa. A 1943 kotun Sarkin Musulmi ta sami Sardauna Ahmadu Bello da laifin taɓa kuɗin jangali lokacin yana aiki a Gusau, ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun Turawa a Zariya aka wanke shi, kuma mutane da yawa sun ɗauki shari'ar a matsayin ci gaban takarar sarautar 1938 tsakaninsa da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. A 1947 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsoho Gubba, bisa hujjar cewa a dokar Turawa laifinsa bai kai na kisa ba. Ta farko ta tayar da tambayar ko alƙali zai iya saɓa wa wanda ya naɗa shi. Ta biyu ta tayar da tambayar wace doka ce a sama. Da siyasar jam'iyyu ta zo, 'yan NEPU suka yi ta kukan cewa da kotunan En'e ake ɗaure su.

Gab da samun 'yancin kai gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan Sayyid Muhammad Abu Rannat, da wani alƙali daga Pakistan da Farfesa Anderson na Landan da wakilai daga Arewa. Daga shawararsu aka samu kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960 ya ɗauke hukuncin laifuffuka daga littattafan fiƙihu, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a mai kula da aure da gado da wasiyya da makamantansu. Naɗi dai ya ci gaba da zama a hannun En'e har sojoji suka zo. Ƙarƙashin Gwamna Hassan Usman Katsina aka soke kotunan sarakuna, dokar kotunan yanki ta 1967 ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 1968, alƙalai suka zama ma'aikatan gwamnatin jiha ƙarƙashin Babban Joji. Daga wannan rana Sarkin Musulmi ba shi da ikon naɗa alƙali ko a Sifawa. Cikin duk sauye-sauyen da alƙalanci ya gani a ƙasar Sakkwato, babu wanda ya kai wannan girma, har da zuwan Turawa.

Garin Shagari ya shiga tarihin shari'ar Najeriya ta wata ƙofa daban. Alhaji Shehu Shagari, ɗan Magajin garin, wanda aka haifa a 1925 ya kuma yi elemantare a Yabo, mutumin ƙuri'a ne tun 1954 da aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Tarayya. Yana cikin Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978, inda aka yi taƙaddama kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a matakin tarayya, har wakilai Musulmi da yawa suka fice daga zauren. Bayan zaɓen 1979 Cif Obafemi Awolowo ya ƙalubalanci nasararsa kan lissafin kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Ranar 26 ga Satumba 1979 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Mai Shari'a Atanda Fatai-Williams, ta tabbatar masa da kujerar, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. Alƙalan da babu wanda ya zaɓe su ne suka yi maganar ƙarshe a kan ƙuri'ar miliyoyin mutane, kuma tun daga lokacin kusan kowane babban zaɓe a kotu yake ƙarewa.

Tsarin da ake bi yau yana cikin Tsarin Mulkin 1999. Babban Kadi, gwamna ne yake naɗa shi bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, sannan Majalisar Dokokin Jiha ta tabbatar. Haka Babban Jojin Jiha. Sauran kadi-kadi da alƙalan Babbar Kotu gwamna yake naɗa su bisa shawarar NJC ba tare da an je majalisa ba. Mai neman zama kadi sai ya shekara 10 da samun shaidar ilimin shari'ar Musulunci daga makarantar da aka amince da ita, tare da gogewa a aiki ko shahara a ilimi, ko kuma ya zama lauya na shekara 10 mai irin wannan shaida. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya mayar da shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna 70.

Amma alƙalin da mutumin Boɗinga ko Shagari yake gani da idonsa ba ya cikin waɗannan. Shi na ƙaramar kotu ne, kuma Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha ce take ɗaukarsa, ta ƙara masa girma, ta hore shi, ta sallame shi. Babban Joji ne shugabanta, a cikinta akwai Kwamishinan Shari'a da Babban Kadi da lauyoyi biyu da wasu mutum biyu da ba lauyoyi ba. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoba 1999, gwamnatin Attahiru Bafarawa ta kafa kotunan shari'a a Sakkwato a 2000, manya da ƙanana, a gurbin kotunan yanki, aka mayar musu da hukuncin laifuffuka a kan Musulmi. Mafi yawan alƙalan tsofaffin kotunan ne suka ci gaba da zama a sababbin. Shari'ar wata mata da kotun Gwadabawa ta yanke wa hukuncin jefewa a 2001, wanda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta soke a Maris 2002 saboda kurakuran bin ƙa'ida da kuma amfani da doka a kan abin da ya riga ta, ta nuna cewa an ɗora wa alƙalan ƙasa kaya kafin a gama horar da su.

Masu neman aikin yau 'yan takarda ne: mai difloma a shari'a daga kwalejin koyon shari'a da addinin Musulunci, mai digiri daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi karatu a Madina ko Azhar, da rajistaran kotu da ya daɗe yana rubuta shari'a yana jiran lokacinsa. Kujerar alƙalin shari'a ta maza ce bisa mazhaba, amma mata suna zama majistare da alƙalan Babbar Kotu, har Mai Shari'a Aisha Sani Dahiru ta riƙe muƙamin Babbar Jojin Jihar Sakkwato. A zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal kujerar ta koma ga Mai Shari'a Muhammad Sa'idu Sifawa. Abin lura shi ne tsohuwar ƙa'ida ta juye gaba ɗaya. Da, wanda ya nema ba a ba shi. Yanzu wanda bai rubuta takardar nema ba, bai zauna ganawa ba, ba za a san da shi ba. Babu fosta, babu gangami, amma kamun ƙafa bai ɓace ba, kuma mai uwa a gindin murhu har yanzu ya fi saurin samu.

Akwai ƙasashen da suka ɗauki hanyar ƙuri'a. A Amurka alƙalan tarayya naɗa su ake yi, amma jihohi da yawa suna zaɓen nasu. Misisifi ta fara zaɓen dukkan alƙalanta a 1832, Niyok ta bi a 1846, kuma yau jihohi 39 suna da wani nau'i na zaɓen alƙalai, a wasu da tutar jam'iyya, a wasu babu, a wasu kuma a naɗa mutum sannan a tambayi jama'a ko ya ci gaba. Masu takara galibi lauyoyi ne da masu gabatar da ƙara. Boliviya ta fara zaɓen manyan alƙalanta a 2011, Meziko a 2025. Hujjar masu wannan tsari ita ce alƙali ya ji tsoron jama'a maimakon gwamna. Illarsa kuɗi ne: a 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce dole wani alƙalin Jihar Bajiniya ta Yamma ya janye daga shari'ar wani kamfanin kwal, domin shugaban kamfanin ya kashe kimanin dala miliyan 3 wajen taimaka masa ya ci zaɓe. A ƙasar da ake raba atamfa da taliya ranar zaɓe, da wuya ƙuri'a ta haifar da alƙalin da ya fi na naɗi tsabta.

Raunin tsarin naɗi kuwa nisa ne. A zamanin Sifawa mai naɗi da wanda aka naɗa da masu kawo ƙara duk sun san juna, labarin alƙali yakan isa kunnen shugaba kafin kasuwa ta sake ci. Yau ana turo alƙali daga hedikwata, a ɗauke shi a kai wani gari in lokacin canji ya yi, kuma ba a tambayar mutanen gari ra'ayinsu a shigarsa ko a fitarsa. Wanda bai gamsu da hukunci ba a Boɗinga ko Shagari yana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a birnin Sakkwato, har abin ya kai Kotun Ƙoli a Abuja in yana da ƙarfin aljihu. Wanda kuma kukansa a kan halin alƙalin ne, sai ya rubuta takardar koke zuwa ga hukumar da ta naɗa shi.